Alkawarin Mai Mulki Ga Abokin Gaba: Abin Da Ya Auku A Afganistan

Akwai wata tambaya wadda ta daɗe tana kai da komowa tsakanin malamai da masu mulki. Idan shugaba ya ba abokin gabansa amana, ya ce masa ya ajiye makami babu abin da zai same shi, sa'an nan bayan mutumin ya shigo hannu sai shugaban ya hango cewa barinsa da rai haɗari ne ga ƙasa, shin ya halatta ya warware maganarsa? Amsar tana da sauƙi a bakin mai wa'azi, amma ba haka take ba a wurin wanda ke zaune a kan kujera, fadawa na faɗa masa cewa jinin mutum guda zai tsare jinin mutum dubu. Masu wannan ra'ayi ba duka ne miyagu ba. Waɗansunsu sun yi imani har zuciya cewa maslahar jama'a ta fi nauyin kalmar da aka furta cikin matsi.

Ba safai ake samun ƙasar da aka jarraba wannan ra'ayi a cikinta sau da yawa kamar Afganistan ba. A cikin shekaru kimanin ɗari ta ga sarauta, ta ga jumhuriya, ta ga mulkin gurguzu, ta ga gwamnatin mujahidai, ta ga Taliban har sau biyu, kuma kusan a kowace gaɓa akwai wani mutum da aka ce masa ya zo babu komai, ya zo, bai koma ba.

A shekarar 1919 Sarki Amanullah Khan ya hau gadon mulki, ya gwabza da Ingila, ƙasarsa ta sami cikakken 'yanci. Bayan ya komo daga doguwar ziyara a Turai cikin 1928 sai ya shiga sauye-sauye da gaggawa, har da batun tufafi da lulluɓi, jama'a suka yi masa bore. A watan Janairu na 1929 ya sauka, ya bar wa ɗan'uwansa Inayatullah sarauta, shi kuwa kwana uku kaɗai ya yi a kai. Wanda ya kama birnin Kabul wani talaka ne ɗan ƙabilar Tajik daga ƙauyen Kalakan, sunansa Habibullah, wanda maƙiyansa suke kira ɗan mai ɗebo ruwa don su muzanta shi. Abin lura a nan shi ne, wannan mutum da ake kira ɗan fashi ya yarda Inayatullah ya fita lafiya, jirgin saman Ingila ya ɗauke shi zuwa Peshawar, ba a taɓa lafiyarsa ba.

Wata tara Habibullah ya yi yana mulki. A watan Oktoba Janar Nadir Khan, wanda yake daga zuriyar sarauta, ya shigo Kabul da mayaƙan ƙabilun Fashtun na kudu, Habibullah ya gudu arewa cikin mutanensa. Abin da marubuta tarihi da yawa suka ruwaito shi ne an aika masa da alkawarin tsira, an rubuta shi a jikin Alƙur'ani an buga hatimi, bisa ga al'adar ƙasar ta ƙarfafa rantsuwa. Da ya ga haka sai ya sauko ya miƙa kansa. Ran 1 ga Nuwamba, 1929, aka harbe shi tare da ɗan'uwansa da manyan mabiyansa. An kuma ruwaito hanzarin da aka kawo: cewa Nadir shi kam ya yafe nasa haƙƙin, amma shugabannin ƙabilun da suka yi masa yaƙi su ne suka ƙi yarda, shi kuwa ba shi da ikon yafe haƙƙin wasu.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan hanzari da kyau, domin zai sake gamuwa da shi cikin wata riga. Ma'anarsa dai ita ce: ni na yi alkawari, amma ba ni na kashe ba.

To, adalci ne a saurari masu kare Nadir, domin hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suna cewa a dubi abin da ya biyo baya. Habibullah yana da magoya baya masu makamai a arewacin Kabul, ƙasa ta gaji da yaƙi, baitulmali babu komai. Da an bar shi, ko a kurkuku ne, da ya zama tutar da kowane mai ƙorafi zai ɗaga. Da aka kawar da shi gidan Nadir ya riƙe ƙasar kusan shekara hamsin. Ɗansa Zahir Shah ya yi shekara 40 a kan gado, daga 1933 zuwa 1973, ƙasar ba ta shiga yaƙin duniya na biyu ba, har aka yi tsarin mulki na 1964 wanda ya kawo majalisar da ake zaɓe. Dattawan Afganistan da yawa suna tuna waɗancan shekaru a matsayin zaman lafiya mafi tsawo da suka sani. Saboda haka, in ji masu wannan hujja, me aka rasa? Rantsuwa guda aka karya, aka sayi rabin ƙarni na kwanciyar hankali.

Amsa ta farko ita ce babu wanda ya san abin da zai faru da an cika alkawarin. Mai cewa da an bar shi da ƙasa ta ƙone, zato yake yi, kuma a kan zaton nan aka zubar da jinin da aka rantse za a tsare. Shi kansa Nadir bai ci moriyar abin ba da daɗewa. A 1932 ya sa aka kashe Ghulam Nabi Charkhi, babban jami'i mai goyon bayan Amanullah, ba tare da shari'a ba, ran 8 ga Nuwamba, 1933, kuwa wani ɗalibi mai suna Abdul Khaliq, wanda iyalinsa ke yi wa gidan Charkhi hidima, ya harbe shi a wurin bikin ba da kyaututtuka. Amsa ta biyu ta fi wannan nauyi. Zaman lafiyar da aka samu bai goge abin daga zukatan mutanen arewa ba. A 2016, shekara 87 bayan kisan, 'yan Tajik masu yawa suka tono ƙasusuwan Habibullah don su sake binne shi a kan wani tudu cikin Kabul da girmamawa, har aka yi harbe-harbe a kan wurin da za a sa shi. Bashin da aka ɗauka a 1929 jikoki ne suka zo suna neman a biya.

A wajen malaman Musulunci wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce, suna da babi guda a kanta cikin littattafan fiƙihu, babin amana. Sun rarrabe tsakanin dabarar yaƙi da yaudara. Dabara ita ce a ɓoye wa abokin gaba hanya, ko yawan runduna, ko lokacin kai hari, wannan kuwa ta halatta. Yaudara ita ce a ba shi aminci ya saki jiki sa'an nan a cuce shi, wannan ta haramta ko da kafiri ne mai yaƙi, balle Musulmi. Suratul Anfali ta koyar da cewa idan aka ji tsoron ha'inci daga waɗanda aka yi yarjejeniya da su, sai a sanar da su a fili cewa yarjejeniya ta ƙare, kowa ya san matsayinsa, kafin a ɗaga makami. Watau shari'a ba ta ɗaure shugaba ga alkawarin da ya zama tarko ba. Ta bar masa ƙofar fita, amma ƙofar gaba, da rana tsaka.

Game da hanzarin nan na cewa ni na yafe amma jama'ata ba su yafe ba, hukuncin ya rushe shi tun daga tushe. Amanar da mutum guda daga cikin Musulmi ya bayar tana hawa kan sauran duka. Ranar buɗe Makka, Ummu Hani ta ba waɗansu mushirikai mafaka, ɗan'uwanta Aliyu yana nufin kashe su, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zartar da mafakar da ta bayar. Idan kalmar mace guda a ɗakinta ta ɗaure hannun Sayyidina Aliyu, yaya hatimin sarki a jikin Alƙur'ani zai kasa ɗaure hannun mayaƙansa? In kuwa ya san ba shi da ikon hana su, to bai kamata ya rantse ba tun farko. Haka kuma a Hudaibiyya, cikin shekara ta shida bayan hijira, Abu Jandal ya iso wurin Musulmi yana jan mari a ƙafa, ya tsere daga azabar Ƙuraishawa, amma aka mayar da shi saboda sharaɗin da aka riga aka amince da shi, ga sahabbai kuwa zuciyarsu na ƙuna. Duk wata maslaha da ido ke iya gani a ranar tana wajen a riƙe shi. Ba a riƙe shi ba.

Wani zai ce wannan hukunci ne na masu addini, siyasa kuwa tana da nata lissafi. To, a dubi yadda lissafin ya kaya a hannun waɗanda ba ruwansu da fiƙihu. A 1973 Muhammad Daud Khan ya hamɓarar da ɗan baffansa Zahir Shah yana ƙasar Italiya, ya kafa jumhuriya. A watan Afrilu na 1978 sojoji 'yan gurguzu suka kashe Daud da iyalinsa a fada, har da mata da yara, Nur Muhammad Taraki ya zama shugaba. Ba a jima ba sai gaba ta shiga tsakaninsa da na hannun damansa, Hafizullah Amin. Ran 14 ga Satumba, 1979, Taraki ya kira Amin fada, jakadan Rasha yana wurin, ya kuma ba shi tabbacin cewa babu abin tsoro. Amin na shiga aka buɗe wuta, mai rakiyarsa ya mutu, shi ya tsira. Ya koma ya tattara sojoji ya kama Taraki, bayan 'yan makonni aka toshe masa numfashi da matashin kai, aka shaida wa duniya cewa ciwo ne ya kashe shi. Shi kuma Amin, wanda ya yi ta roƙon Rasha ta aiko masa da soja bisa ga yarjejeniyar abota ta 1978, sojan sun zo, yana tsammani taimakonsa suka zo yi, ran 27 ga Disamba suka afka wa fadar Tajbeg suka kashe shi. Cikin wata ashirin shugabanni uku suka mutu a hannun waɗanda suka taɓa amincewa da su.

Daga nan ƙasar ta faɗa yaƙin shekara tara da Rasha, mutane wajen miliyan guda suka halaka, miliyoyi suka yi hijira zuwa Pakistan da Iran. A 1987 Najibullah, shugaban gurguzu na ƙarshe, ya yi shelar sulhun ƙasa, ya yi kira ga mujahidai su zo a raba mulki. Wataƙila da gaske yake, domin ya ga Rasha na shirin tafiya. Amma shi ne tsohon shugaban 'yan sandan ciki, waɗanda suka cika kurkukun Puli Charkhi da mutane, wa zai ajiye bindiga a kan maganarsa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A nan ne hasarar take bayyana sosai: ranar da mai mulki ya buƙaci a gaskata shi domin a daina zubar da jini, sai ya tarar da shi da magabatansa sun riga sun cinye jarin da zai yi cinikin da shi. Yaƙi ya ci gaba shekara biyar bayan shelar.

Abin da ya fi ciwo ga zuciyar Musulmi shi ne wanda ya biyo baya, domin waɗanda suka aikata shi mutane ne da duniyar Musulmi ta yi shekaru tana yi musu addu'a. Rasha ta fice ran 15 ga Fabrairu, 1989, gwamnatin Najibullah ta faɗi a watan Afrilu na 1992. Shugabannin mujahidai suka yi yarjejeniya a Peshawar cewa Sibgatullah Mujaddidi zai riƙe ƙasa wata biyu, Burhanuddin Rabbani ya karɓa wata huɗu, sa'an nan a tara majalisa. Mujaddidi ya sauka da lokacinsa ya cika. Gulbuddin Hekmatyar ya tsaya a bayan gari yana ruwan rokoki a kan Kabul, Rabbani kuma ya tara wata majalisa a watan Disamba wadda abokan hamayyarsa suka ce tasa ce, ta ƙara masa wa'adi. A watan Maris na 1993 aka sake zama a Islamabad, aka shirya cewa Rabbani ne shugaba, Hekmatyar firayim minista. Don a ƙulle maganar yadda ba za ta kwance ba, sai aka kwashe su zuwa Makka, cikin watan Ramadan, suka tabbatar da ita a can a gaban Sarki Fahad. Ba a daɗe da komowarsu ba manyan bindigogi suka ci gaba da aiki. Dubun dubatar mazauna Kabul suka mutu, unguwanni suka zama kufai, abin da yaƙin Rasha bai yi wa birnin ba.

Babu wurin da ya fi Makka alfarma, babu watan da ya fi Ramadan. Bayan wannan, da me kuma za a rantse? Suratun Nahli ta kwatanta mai warware rantsuwa da macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙwari sa'an nan ta zauna ta warware shi. Matasan da suka taso daga makarantun allo na Kandahar a 1994 da sunan Taliban ba su sami karɓuwa don sun fi kowa ilmi ba, sun same ta ne don jama'a sun daina gaskata manya. Sai dai su ma ba su tsaya a kan abin da suka karanta ba. A watan Maris na 1995 Abdul Ali Mazari, jagoran 'yan Hazara, ya je ganawa da su, suka kama shi, gawarsa aka gani. Suka ce kokawa ce ta ɓarke a jirgi mai saukar ungulu. A watan Satumba na 1996 suka shiga harabar Majalisar Ɗinkin Duniya a Kabul, inda Najibullah ya yi shekara huɗu yana fake, suka jawo shi suka kashe, suka rataye gawarsa a bakin titi. Laifuffukan mutumin ba ƙanana ba ne, amma wannan aikin alƙali ne. A 1997 Janar Abdul Malik ya ƙulla kawance da su ya shigar da su Mazari Sharif, bayan 'yan kwanaki ya juya musu baya, aka karkashe fursunoninsu masu yawa. Da suka komo a watan Agusta na 1998 suka rama a kan mutanen gari, kimanin 2,000 suka mutu, yawancinsu 'yan Hazara.

Shekarar 2001 ita ce ta fi kama da 1929. Bayan Amurka ta kawo yaƙi, mayaƙan Taliban da ke Kunduz suka miƙa wuya a watan Nuwamba ga rundunar Janar Dostum. Aka zuba waɗansu cikin akwatunan ƙarfe na ɗaukar kaya aka rufe, ɗaruruwa a ƙalla suka mutu a hanya, aka binne su a hamadar Dashti Laili. A farkon Disamba kuma manyan Taliban suka sadu da Hamid Karzai a kusa da Kandahar, suka yarda su miƙa birnin su koma gidajensu in za a bar su lafiya. Karzai ya amince, ya faɗa a fili. Sai Sakataren Tsaron Amurka, Donald Rumsfeld, ya ce ƙasarsa ba za ta yarda a bar Mulla Umar ya zauna lafiya ba. Ministan harkokin wajen Taliban, Wakil Ahmad Mutawakkil, ya miƙa kansa a 2002, aka tsare shi fiye da shekara guda. Ga hanzarin Nadir nan ya dawo: ɗaya ya yi alkawari, wani dabam ya riƙe takobi. Waɗanda suka ga haka suka tsallaka Pakistan, bayan 'yan shekaru suka komo da bindiga, aka yi ta yi har shekara ashirin.

A cikin waɗannan shekaru har rigar manzanci ba ta tsira ba, alhali kuwa tun zamanin jahiliyya ba a taɓa manzo, shi ma ba ya zuwa da wuƙa a ɓoye. Ahmad Shah Mas'ud, waɗansu ne suka zo masa a matsayin 'yan jarida ran 9 ga Satumba, 2001, bom na cikin na'urar ɗaukar hoto. Rabbani kuwa, wanda ya zama shugaban majalisar sulhu a ƙarshen rayuwarsa, wani ne ya zo gidansa ran 20 ga Satumba, 2011, a matsayin mai ɗauke da saƙon zaman lafiya, bom na cikin rawaninsa, ya tashi da shi a lokacin gaisuwa.

Ran 15 ga Agusta, 2021, Taliban suka sake shiga Kabul, suka yi shelar afuwa ga duk wanda ya yi wa tsohuwar gwamnati aiki, soja ko farar hula. Shugaba Ashraf Ghani bai tsaya ya jarraba maganar ba, ya bar ƙasar a ranar. Dubban mutane suka cika filin jirgin sama, waɗansu suka maƙale a jikin jirgi yana tashi suka faɗo. Sun ji shelar afuwar sarai, amma sun san tarihin ƙasarsu. Gaskiya ne ba a yi kisan gilla irin na 1998 ba, kuma Karzai da waɗansu manya sun ci gaba da zama a Kabul. Amma a watan Agusta na 2023 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar ya ba da rahoton cewa daga ranar da aka kama birnin zuwa ƙarshen Yuni na 2023 an kashe a ƙalla mutum 218 daga cikin tsofaffin jami'ai da sojoji ba tare da shari'a ba. Hukumomin Taliban suka amsa da cewa afuwar shugabansu tana nan daram, in an sami wani abu irin wannan to ƙiyayya ce ta tsakanin mutane, ba umarnin gwamnati ba.